KOYON HAƊA NA'URORIN LANTARKI DA KAFA ƊAKIN ƘERE-ƘERE NA JAMA'A

GABATARWA

A yau da wuya a sami gida a Nijeriya, a birni ko a ƙauye, wanda babu na'urar lantarki a cikinsa. Akwai rediyo, da tocila, da wayar hannu da cajarta, da fanka, da fitila mai aiki da hasken rana. Mafi yawansu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Idan ɗaya ta lalace akan jefar da ita a sayi sabuwa, alhali kuwa sau da yawa abin da ya same ta bai wuce tsinkewar waya ko mutuwar wani ɗan ƙaramin abu a cikinta ba. Wannan asara ce ga mai gida, asara ce kuma ga ƙasa.

Mutane da yawa suna zaton sanin cikin waɗannan na'urori sai injiniya. Gaskiyar al'amari ita ce, duk wanda ya iya karatu da ɗan lissafi yana iya farawa, namiji ko mace, yaro ko babba. Abubuwa biyu ne suka fi tare wa mai sha'awa hanya, watau tsadar kayan aiki da rashin wanda zai tambaya idan aiki ya cije masa. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana yadda ake farawa da kaya kaɗan ba tare da hatsari ba, da kuma yadda jama'ar unguwa ko makaranta za su haɗa kai su kau da waɗannan matsaloli biyu.

ABUBUWA UKU DA ZA A FARA SANI

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanya rufaffiya. Tana fita daga baki ɗaya na batir, ta bi waya, ta ratsa abin da za ta yi wa aiki, sa'an nan ta komo ta ɗaya bakin. Wannan hanya ita ake kira da'irar lantarki. Idan ta katse a ko'ina, aiki ya tsaya. Makunni ba kome ba ne illa wurin da ake katse da'ira da gangan, a kuma sake haɗa ta.

Abubuwa uku ake aunawa a cikin da'ira, kuma misalin ruwan famfo yana sauƙaƙa fahimtarsu.

1. Ƙarfin turi. Yana kama da matsin ruwan da ke saukowa daga tanki. Da bolt ake auna shi. Ƙaramin batirin tocila bolt 1.5 ne, cajar waya ta yau da kullum tana ba da bolt 5, batirin mota kuwa bolt 12.

2. Gudanar wuta. Tana kama da yawan ruwan da ke wucewa ta cikin bututu. Da amfiya ake auna ta. Ƙananan na'urori ba sa cin ko da amfiya ɗaya, saboda haka akan raba ta gida 1,000, kowane kashi a kira shi miliamfiya.

3. Turjiya. Tana kama da ƙuncin bututu wanda yake rage gudun ruwa. Da om ake auna ta.

A shekarar 1827 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Georg Ohm ya bayyana dangantakar da ke tsakanin abubuwan nan uku: idan aka raba yawan bolt da yawan om, abin da ya fito shi ne yawan amfiya. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya riƙe ginshiƙin sana'ar.

Wajibi ne kuma a san bambancin wutar batir da wutar gida, wadda har yanzu jama'a suke kira wutar NEPA. Wutar batir fuska ɗaya take gudana. Wutar gida kuwa kaiwa da komowa take yi sau 50 a cikin sakan ɗaya, ƙarfinta ya kai wajen bolt 230, kuma tana kisa. Da batir ake koyo.

KAYAN DA KE CIKIN NA'URA

Wanda ya buɗe tsohuwar rediyo zai ga ƙananan abubuwa birjik a kan allo, har kansa ya ɗaure. Amma nau'o'insu ba su da yawa.

Razista ita ce mai rage gudanar wuta. Ana gane girmanta da zobban launi da ke jikinta, domin kowane launi yana da lambarsa: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A razista mai zobba huɗu, biyu na farko lambobi ne, na uku kuwa yana nuna yawan sifirin da za a ƙara.

Kafasita tana tara wuta na ɗan lokaci ta sake ta. Dayod yana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, kuma ɗan ƙwan nan da ake kira LED, wanda ke cikin tocilolin zamani, wani nau'in dayod ne mai ba da haske. Taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, tana ƙara ƙarfin sigina, tana kuma aiki kamar makunnin da wuta kaɗan take sarrafa shi. Sai kuma ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa wanda masu gyara suke kira aisi. A cikinsa an haɗa taransistoci masu yawa wuri ɗaya.

KAYAN AIKI NA FARKO

Mai farawa ba ya bukatar shago cike da kaya. Waɗannan sun isa:

1. Mitar awo, wadda take auna bolt da amfiya da om, take kuma yin ƙara idan waya ba ta tsinke ba. Ita ce idon mai aiki, tun da wutar lantarki ba a ganinta. Idan kuɗi bai isa a sayi kome da kome ba, ita za a fara saya.

2. Allon gwaji, mai ramuka jere-jere, inda ake soka ƙafafun kaya a gwada da'ira ba tare da an liƙa kome ba.

3. Batir mai bolt 9, da razistoci iri-iri, da ƙwayayen LED, da guntayen waya.

4. Filaya, da almakashin yanke waya, da ƙananan sukundireba.

5. Ƙarfen liƙi da dalmarsa. Wannan yana iya jira sai hannu ya fara faɗawa.

Ana samun waɗannan kaya a manyan kasuwanni kamar Alaba da Computer Village a Ikko, da kasuwar Sabon Gari a Kano, da kuma wajen masu gyaran rediyo da wayar hannu a kusan kowane gari. Har ila yau, matattun rediyoyi da tociloli da kayan wasan yara rumbu ne na kaya kyauta. Ciro abubuwa daga jikinsu ana aunawa da mita shi kansa darasi ne.

AIKIN FARKO

Aikin da ya kamata a fara da shi shi ne kunna jan ƙwan LED da batir mai bolt 9. Idan aka haɗa su kai tsaye ƙwan zai ƙone nan take, domin wajen bolt 2 yake ci, kuma ba ya son wutar da ta wuce miliamfiya 20. Saboda haka tilas a sa razista a tsakani ta ɗauke bolt 7 da suka rage. Idan aka zaɓi mai om 470, aka raba 7 da 470, za a sami kimanin miliamfiya 15, wadda ta yi daidai. Zobban wannan razista su ne rawaya, shunayya, ruwan ƙasa.

A haɗa bakin batir mai alamar tarawa da razista, razista da doguwar ƙafar ƙwan, gajeriyar ƙafar kuma da ɗaya bakin batir. Idan bai kama ba, a juya ƙwan, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa. Idan ya kama, kada a tsaya nan. A ɗauki mita a auna bolt ɗin da ke kan razista da wanda ke kan ƙwan, a tara su, a ga ko sun yi daidai da na batir. Sa'an nan a sauya razista da mafi girma a lura da yadda haske yake raguwa. A rubuta duk abin da aka gani a littafi. Wanda yake aunawa yana rubutawa shi ne yake koyo. Wanda yake kwaikwayon zane kawai, ranar da abu ya ƙi ba zai san inda zai duba ba.

Daga nan sai a ci gaba mataki-mataki. A yi ƙwan da yake kunnuwa yana mutuwa ta amfani da aisi mai lamba 555. A yi fitilar da take kunna kanta idan duhu ya yi. A yi ƙararrawar da take sanar da cikar tankin ruwa. Bayan waɗannan ne ya dace a shiga allunan da ake ba umurni ta kwamfuta, kamar Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai, ko Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta da aka fitar a Ingila a 2012. Manhajar da ake rubuta wa Arduino umurni da ita kyauta ce. Sannu ba ta hana zuwa.

TSARE LAFIYA

Lalle ne a kiyaye waɗannan dokoki, domin sakaci da su yana jawo asarar rai.

1. Mai koyo kada ya taɓa aikin wutar gida, ko injin janareto, ko inbata, sai a gaban gwani. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba, idan ta ratsa ƙirjin mutum, tana iya tsayar da zuciyarsa.

2. Cire filogi daga bango ba ya nufin hatsari ya wuce. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura. Kada mai koyo ya buɗe tsohon talabijin mai ƙeya, ko murhun dumama abinci na lantarki, ko inbata.

3. Batirin mota ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu zai yi tartsatsi ya yi jajir, ya ƙona hannu. A cire zobe da agogo kafin a matso shi.

4. Batirin wayar hannu da na kwamfuta suna kama wuta idan aka huda su, ko aka lanƙwasa su, ko aka yi musu cajin da ya wuce kima. Wanda ya kumbura a ajiye shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da ɗaki.

5. Yawancin dalmar liƙi tana ɗauke da guba. A 2010 ɗaruruwan yara sun rasu a Jihar Zamfara saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Hanyar kamuwa ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma ta fi yi wa yara illa. Kada a sa dalma a baki, kada a ci abinci a teburin aiki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, a kuma yi liƙi inda iska take shiga.

6. Kada a ƙona waya ko allon na'ura domin a fitar da jan ƙarfe. Hayaƙinsa guba ne ga mai ƙonawa da maƙwabtansa.

7. Idan wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar daga tushe, ko a ture wayar da busasshiyar sanda, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti. Gobarar lantarki kuma ba a zuba mata ruwa muddin ba a yanke wutar ba.

Bugu da ƙari, doka ba ta yarda wani ya kafa tashar watsa shirye-shirye ba sai da lasisin hukuma, kome ƙanƙantar tashar.

MENE NE ƊAKIN ƘERE-ƘERE NA JAMA'A?

Akwai kayan aikin da suka fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, kuma ko ya saya ba kullum zai yi amfani da su ba. Akwai kuma matsalar da mai koyo zai kwana uku yana fama da ita, wanda ya riga shi sani ya warware masa cikin minti biyar. Ɗakin ƙere-ƙere na jama'a wuri ne da mutane suke tara kayan aiki su yi tarayya a kansu, kowa yana aikinsa, wanda ya sani yana nuna wa wanda bai sani ba. Ya bambanta da shagon gyara, inda yaro yake ƙarƙashin maigida ɗaya, ya kuma bambanta da aji, tun da babu jarrabawa. Ya fi kama da aikin gayya.

A farkon shekarun 2000, Farfesa Neil Gershenfeld na jami'ar MIT a Amurka ya fara wani shiri da aka sa wa suna Fab Lab, watau ƙananan ɗakunan ƙira da ake buɗe wa jama'a. Ɗaya daga cikin na farko da aka kafa a wajen Amurka shi ne na makarantar koyon sana'a ta Takoradi a ƙasar Gana, a 2004. A 2009 aka fara bikin baje kolin masu ƙere-ƙere na Afirka mai suna Maker Faire Africa a birnin Akara, kuma a 2012 aka yi shi a Ikko. A birnin Lome na ƙasar Togo an buɗe ɗakin WoeLab a 2012, inda a 2013 wani mai suna Afate Gnikou ya haɗa injin da yake fitar da siffar abu da narkakkiyar roba, yawancin kayansa daga matattun kwamfutoci da injunan buga takarda da aka zubar. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan kuwa, a 2009 aka fara taron Repair Café, inda mutane suke kawo kayansu da suka lalace a gyara tare da masu sani, kyauta.

Labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi shi ma abin lura ne. Ya bar makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi a lokacin yunwa. A 2002, yana ɗan shekara 14 ko 15, ya haɗa injin da iska take juyawa ya ba gidansu wuta, da sassan tsohon keke da tarkacen da ya tsinto, yana bin zanen wani littafi da ya aro a ƙaramin laburaren yankinsu. Abin da ya samu bai wuce littafi da juji ba. Aikin ɗakin ƙere-ƙere shi ne ya sa irin wannan yaro ya sami kayan aiki da mai nuna masa hanya a kusa da gida.

YADDA ZA A KAFA SHI

Ba sai an jira manyan injuna ko taimakon ƙasashen waje ba. Teburi ɗaya da mita biyu da ƙarfen liƙi biyu sun isa a buɗe ɗaki.

1. Mutane. A fara da mutum biyar zuwa goma masu sha'awa ta gaskiya. A nemi aƙalla mutum ɗaya gwani, kamar malamin kimiyya, ko mai gyaran rediyo, ko ma'aikacin lantarki da ya yi ritaya.

2. Wuri. A nemi izinin aji a makaranta bayan an tashi, ko ɗaki a laburare ko cibiyar matasa. Ya kasance da taga, da ƙofa mai kulle, kuma ruwa ba ya zuba.

3. Wuta. Tun da wutar gida ba ta da tabbas, faranti ɗaya na hasken rana da batir za su riƙe fitila da kwamfuta. Gwani ne zai haɗa, ya kuma sa fis da na'urar da take yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum.

4. Kuɗi. A sa ɗan abin da kowa zai riƙa biya a wata. A naɗa ma'aji, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Rashin bayyana lissafi yana saurin rusa ƙungiya.

5. Kaya. A rubuta kowane kayan aiki a littafi, a ba shi lamba da mazauninsa. Kada a fita da kome sai an sa hannu.

6. Dokoki. A rubuta su a manna a bango. Sabon shiga ba zai taɓa ƙarfen liƙi ba sai an koya masa tsare lafiya. Yara su zo da izinin iyayensu, kuma kada a bar su ba babba. A tanadi bokitin yashi, da tukunyar kashe gobara, da akwatin taimakon gaggawa.

7. Mata da 'yan mata. A keɓe musu lokacin da ya dace da su, a kuma nemi mace cikin masu koyarwa, domin iyaye su saki jiki.

8. Bashin koyarwa. Duk wanda ya koyi abu, wajibi ne ya koya wa na bayansa. Da wannan ne ɗaki yake ɗorewa ko da gwanin farko ya bar gari.

Yana da kyau kuma a sa rana ɗaya a wata da mutanen unguwa za su kawo tocila ko rediyo ko fitilar rana da ta mutu, a duba a gabansu. Wannan yana ba masu koyo aikin gaske, yana kuma sa unguwa ta ɗauki ɗakin a matsayin nata. Idan ƙungiya ta yi ƙarfi har tana son buɗe asusun banki da sunanta, sai ta nemi rajista.

DAGA SHA'AWA ZUWA SANA'A

Ba kowa ne zai mai da wannan abu sana'a ba, kuma ba dole ba ne. Manomin da ya iya gano tsinkakkiyar waya a famfonsa mai aiki da hasken rana ya tsira da kuɗinsa da kwanakin jira. Amma wanda yake son ya ci abinci da ita, hanya a buɗe take. Akwai kwalejojin koyon sana'a masu shirya ɗalibai domin jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Akwai kwalejojin fasaha da ke ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a ta ba da takardar shaida, kuma Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, yana da cibiyoyin horo. Ɗakin ƙere-ƙere ba ya maye gurbin waɗannan, sai dai wanda ya fito daga cikinsa yakan isa can hannunsa ya riga ya saba da mita.

KAMMALAWA

Ana kira ga shugabannin makarantu, da masu unguwanni, da ƙungiyoyin matasa da na mata, da ƙananan hukumomi, su duba ɗakunan da ke rufe a wurarensu ba a amfani da su, su ba masu sha'awa aro. Ana kira ga gwanayen gyara su ba da ko da yammaci ɗaya a mako. Iyaye kuma, idan suka ga yaro yana kwance tsohuwar tocila, kada su kore shi. Su ba shi batir da mita, su hana shi wutar bango, su haɗa shi da wanda ya sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.